Ƙashi Ya Haɗu, Laka Ta Ƙi

Duk yammacin Lahadi mukan taru a ɗakin wani ɗan'uwanmu marubuci, mu karanta masa abin da muka rubuta cikin mako. A da shi ne mai zagayawa a kan babur yana tattaro mu. Babur ɗin nan ne ya kayar da shi, bayansa ya bugu, likitoci suka ce lakarsa ta taɓu. Ƙashin ya haɗu cikin 'yan watanni, amma ƙafafun har yau ba su motsa ba.

Ran nan ya nuna mana wani tsohon tabo a yatsarsa, ya ce, "Malamai, nan wuƙa ta yanke ni ina yaro, yatsar ta mutu murus, daga baya jinta ya dawo. To me ya hana laka yin haka?" Muka yi tsuru-tsuru, duk taƙamarmu da alƙalami. Da yake matambayi ba ya ɓata, sai muka raba bincike a tsakaninmu.

Jijiya dai zare ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Idan ta hannu ta tsinke, kanta yakan toho yana lalube kamar yaɗon kabewa. Masanin nan ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya lura cewa zaren laka ma yakan yi wannan yunƙuri, sai ya tsaya cak. A 1981, a birnin Montreal na Kanada, Samuel David da Albert Aguayo suka dasa guntun jijiyar ƙafar ɓera a lakarsa kamar gada, zaruruwan laka suka bi ta ciki har kimanin santimita 3. Ashe irin yana da rai, ƙasar ce ta ƙi shi.

A 1988, a Zurich ta ƙasar Suwizalan, Martin Schwab da Pico Caroni suka gano wani furotin a cikin kitsen da ke naɗe da zaren laka, kamar yadda roba ke naɗe da wayar lantarki. Shi ne aka raɗa wa suna Nogo a 2000, wato ba shiga. Da kan zaren ya taɓa shi, sai saƙo ya wuce ciki ta hanyar wani sinadari mai suna Rho, kan ya dunƙule, tafiya ta ƙare. Akwai kuma birki a cikin jijiyar kanta, ana kiransa PTEN. A 2010 ƙungiyar Zhigang He da ke Boston ta Amurka ta cire shi a jikin ɓeraye, zaruruwa suka tsallake rauni. A 2023 kuwa masana a Suwizalan da Amurka suka nuna tohowa kaɗai ba ta isa ba: ɓerayen ba su taka ba sai da aka yi wa zaruruwan jagora da sinadarai zuwa ainihin wurin da suke kai saƙo tun asali.

Nan gardama ta kaure mana a waje. Wasunmu suka ce a ba shi labarin ɓerayen kawai, ransa ya yi sanyi. Wasu suka ce a haɗa masa da sauran: an gwada maganin toshe Nogo a kan mutane a Turai, bai nuna amfani ga ɗaukacin majinyatan ba, kuma har yanzu babu maganin da aka amince da shi na tsirar da laka. Daga ƙarshe muka faɗa masa duka, gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke nan ba mutuwa ta yi ba, tsayar da ita aka yi." Ya ce a juya shi, don kada kwanciya ta jawo masa gyambo, a kuma miƙo masa littafinsa da ya ajiye tun ranar hatsarin. Babi na 7 za mu saurara Lahadi mai zuwa. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ba masu wannan bincike sa'a, amin.