Awa Biyar Tsakanin Teku da Dutse

Akwai wata haja da ba a kasa ta a kasuwar Maraɗi, ba a kuma biya mata kuɗin duwan a Ɗan Isa ko a Birnin Ƙonni, alhali kuwa akwai ƙasashen da da ita suke ci suke sha. Hajar nan ita ce kallo. A kudancin Faransa, a gaɓar tekun Bahar Rum, daga birnin Nis zuwa iyakar Italiya, tafiyar kilomita 30 da ƴan kai, tun ƙarni na 19 aka mai da kallo sana'a, har ya zamana ana auna shi da minti kamar yadda ake auna gero da tiya. Ka biya, a ɗauke ka a ƙofar masaukinka da safe, a nuna maka garuruwan bakin teku da ƙauyukan da ke bisa duwatsu, kafin azahar a maido ka inda aka ɗauke ka.

A watan Mayu na 2022 na sayi tiya guda ta wannan haja. Yuro 60 na biya, wato kusan jika 40 na kuɗinmu, abin da a lokacin ya zarce mafi ƙarancin albashin wata a ƙasarmu. Ƙaramar kar ce mai kujera takwas, kuma matar da ke tuƙa ta ita ce jagorarmu. Tana tuƙi tana bayani da Faransanci da Ingilishi, ba ta taɓa rikita ɗaya da ɗaya ba. Sauran fasinjojin Amurkawa ne da wasu tsofaffi biyu, mata da miji, daga Japan.

Hanyoyi uku ne aka sassaƙa a jikin dutsen da ke fuskantar teku, wata bisa wata, ta can sama kuwa Napoleyon na ɗaya ne ya sa aka yi ta. Mu ta tsakiya muka bi. An tsaya mana minti goma a saman Villefranche, inda ruwa ya shigo cikin ƙasa ya yi zurfi ƙwarai, har jiragen yaƙin Amurka suka mai da wurin mazauninsu kafin Janar De Gol ya nemi sojojin Amurka su fice daga Faransa a 1966. Kowa ya ɗauki foto, aka koma mota.

Èze ne ya tsaya mini a rai. Ƙauye ne da aka ɗora bisa ƙoƙon dutse, fiye da mita 400 a saman teku, gidajensa sun manne da juna har ba ka rarrabe inda dutse ya ƙare da inda gini ya soma. Ƙofa ɗaya ce ake shiga ta cikinta. Lunguna ƙanana ne, masu matakala, waɗanda mota ba ta shiga, jaki ma in yana da kaya sai ya yi dabara. Minti 45 aka ba mu.

Duk mai hankali da ya tsaya a ƙofar nan zai tambayi kansa abin da ya kai mutane nan. Ga ƙasa a shimfiɗe can ƙasa, ga kifi, ga hanyar fatauci, amma suka bar ta suka hau inda akuya ke tunani kafin ta hau. Amsar ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa ganin ragowar ganuwar Birni a Damagaram, wadda Sarki Tanimun ya gina, ko ya ji labarin yadda kakanni ke fakewa a duwatsu in mahara sun taso. Tsoro ne maginin garin. Jagorarmu ma haka ta ce, sai dai ta taƙaita tsoron a kalma guda: Sarazan, wato Musulmi ƴan fashin teku. Amurkawa suka gyaɗa kai, labari ya yi daɗi.

Ba ƙarya ta yi ba. Tun ƙarshen ƙarni na 9 wasu mayaƙa daga Andalus suka kafa sansani a wani wuri da ake kira Fraxinet, cikin duwatsun da ke kusa da Saint-Tropez ta yau, suna kai hari har cikin tsaunukan Alp, ba a kuwa fitar da su ba sai wajen 973. Amma labarin bai tsaya nan ba. A 1543, lokacin da jiragen Turkawa ƙarƙashin Hairuddin Barbarosa suka yi wa Nis ƙawanya, Èze ma ta faɗa hannu, to wane ne ya gayyato su? Sarkin Faransa ne, Faransuwa na ɗaya, don a lokacin Nis da kewayenta na gidan sarautar Sabuwa ne, abokan gabarsa. Fadar da ke ƙololuwar ƙauyen kuma, wadda kangonta ne baƙi ke tsayawa a ciki suna ɗaukar foto, sojojin Luwi na 14 ne suka rushe ta a 1706. Wannan yanki bai zama na Faransa ba har abada sai a 1860. Ashe mutanen Èze ba teku kaɗai suke leƙe ba, har da maƙwabta.

Na matsa kusa da ita na ce, «Madam, ai wanda ya rushe fadar nan ba daga teku ya fito ba.» Ta yi dariya, ta ce, «Mushe, gaskiyarka. Amma minti 45 gare ni, kuma goma sun riga sun tafi.» Ban ga laifinta ba. Mai talla ba ya karanta wa mai saye tarihin gonar da aka nomo gyaɗa. Sai dai in kullum safiya gajeren labari ɗaya ake ba baƙi, mota bayan mota, shekara bayan shekara, a ƙarshe shi ne zai zama tarihin garin, kuma a cikinsa mai rawani ne kaɗai ɓarawo.

Abu na biyu da ya kamata a faɗa game da Èze shi ne ƙishirwa. Bisa dutse babu rijiya. Ruwan sama suke tarawa a ramukan da suka gina, in ya ƙare a ɗauko daga ƙasa a kan jaki ko a ka. Sai a 1930 aka kafa pampo na jama'a a dandalin ƙauyen, ruwa kuma bai shiga gidaje ba sai a 1952, shekara 8 kacal kafin ƙasarmu ta sami ƴancin kai. Na tsaya gaban pampon nan ina tunanin matan da suka ƙare ƙuruciyarsu a matakalar da ni, ba tulu ba komai, na hau ina haki. Da tsoro ya gushe, hanya ta samu, sai jikokinsu suka gangara inda aiki yake. Waɗanda ke kwana a cikin ganuwar yanzu kaɗan ne ƙwarai. Gidajen sun zama shagunan zane-zane, da na tsaraba, da otel-otel masu tsada. Lungunan tsaf suke, an share, an dasa furanni, amma na zagaya su ban ji kukan jariri ba, ban ga shanya ba, ban ji ƙamshin miyar kowa ba. Gari ne mai kyau wanda babu wanda zai yi maka sannu da zuwa don Allah.

A kangon fadar an yi wani lambu tun 1949, na tsirrai masu ƙaya da aka tattaro daga ƙasashe masu zafi. Shiga sai da tikiti. Na biya ina murmushi, don wasu daga cikinsu ba su da maraba da aguwa da tinya waɗanda muke shinge da su, awaki ma ba su kula su. Amma da na kai ƙarshen matakala na juya, sai murmushin ya tafi. Teku ce shimfiɗe har inda ido ya gaza, kusa da gaɓa kore-kore, can ciki shuɗi mai duhu kamar baban da ya ji bugu, jirage a kanta kamar an watsa ƙwayar shinkafa. Mutumin da ya tashi a ƙasar da ake haƙa gaba talatin kafin a ga ruwa ba ya kallon abu irin wannan da ido ɗaya da Bature. Na yi tasbihi. In don wannan kaɗai ne, kuɗina sun biya.

A gindin dutsen aka shigar da mu wata masana'antar turare. Shiga kyauta ce, bayani kyauta ne, an nuna mana tukwanen jan ƙarfe da ake tatsar furanni da su, sai dai ƙofar fita ta cikin shago ta bi. Lokacin da muka ɗauka a nan ya kusa kai wanda aka ba mu a ƙauyen gaba ɗaya. Ƴan kasuwarmu ba su bukatar in yi musu fassara.

Daga nan muka hau zuwa La Turbie. Akwai wani tsohon gini na Rumawa a can, wanda aka yi wa Sarki Ogusta shekara 6 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, don murnar cinye ƙabilun tsaunukan Alp da yaƙi. Abin da ya saura a tsaye ya kai mita 35. A jikinsa an rubuta sunayen ƙabilun da aka murƙushe, fiye da 40, ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawansu ba don wannan jerin ba da ko sunansu bai iso gare mu ba. Ta tagar mota muka gan shi. Abin da aka kawo mu gani yana ƙasa: Monako, cunkushe tsakanin dutse da ruwa, benaye a kan benaye.

Ƙasa ce mai murabba'in kilomita 2, mai mutane kusan 39,000, waɗanda kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ƴan ƙasa. Gidan Grimaldi ne ke sarauta, kuma tun 1297 suka fara kama dutsen. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinta na kasuwanci ne. A 1848 garuruwan Menton da Roquebrune suka yi wa sarkin tawaye saboda nauyin haraji, a 1861 ya sallama su ga Faransa a kan faran miliyan 4. Da su aka tafi da mafi yawan ƙasarsa, da gonakin lemun tsami da na zaitun. Sarki ya rasa abin da zai karɓi haraji a kai, sai ya rungumi gidan caca. Kafin shekara goma ta cika, a 1869, kuɗi sun shigo har ya yafe wa talakawansa haraji. Har yau kuwa doka ta hana ɗan ƙasar Monako yin caca a gidan. Baƙo kaɗai ake bari ya zubar da nasa. An kai mu ƙofar fada daidai ƙarfe 12 saura minti biyar, lokacin da dogarai ke canjin gadi, muka tsaya cikin ɗaruruwan mutane, kowa ya ɗaga waya sama, kusan ba wanda ke kallo da idonsa.

A nan na ce wa jagora ta tafi da sauran, ni zan koma Nis da kaina. Ta duba takardarta, ta ce in dai na san hanyar tashar jirgin ƙasa. Menton nake so, tafiyar minti goma, gari na ƙarshe kafin Italiya, wanda ba ya cikin jerin yawonmu.

Shi ma tsohon garin a jikin tudu yake, gidaje rawaya da ja-ja suna hawa kan juna. A samansa akwai maƙabarta mai suna Trabuquet. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an mai da manyan otel-otel na Menton asibitocin soja. Sojojin Afirka, waɗanda ake kira tirayer na Senegal ko daga ina aka kwaso su a Afirka ta Yamma, har da ƙasarmu, sanyin arewa yana karya su, saboda haka in hunturu ya shigo akan janye su daga fagen fama zuwa wannan gaɓa, musamman sansanonin Fréjus da Saint-Raphaël. Masu rauni da masu ciwon ƙirji kuwa akan kawo da yawansu Menton, su kwanta a ɗakunan da aka gina don attajiran Ingila da Rasha. Fiye da 1,100 daga sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka a nan suka cika, mafi yawansu baƙar fata. Shekaru da dama ba a cika tuna su ba, sai a 2012 aka kafa musu mutum-mutumin tirayer, bayan an bi takardu an tattaro sunayensu.

Ina yaro na san mazan jiya a unguwarmu, tsofaffi masu lambobin yabo a kan riga, waɗanda muke bi muna kwaikwayon faretinsu. Su na yaƙi na biyu ne da na bayansa, kuma sun dawo. Waɗannan na Menton iyayensu ne a aikin soja, an ɗauko su daga ƙauyukan da ba a taɓa ganin teku ba, aka binne su a inda babu abin da ake gani sai ita. Kallon da ke gaban kaburburan bai gaza na Èze ba ko kaɗan: ga tashar jiragen ruwa, ga rufin gidaje, ga gaɓar Italiya tana miƙewa gabas. Ba a karɓar tikiti, ba shago a bakin ƙofa, ina jin shi ya sa motocin yawo ba su da abin tsayawa.

Na bi sunayen a hankali ina karantawa da murya, yadda magatakardan soja suka ji su suka rubuta da haruffan Faransanci, wasu na gane su nan take, wasu sai na maimaita sau biyu kafin su koma sunan mutum. Ba wanda ya ƙayyade mini minti. Da na gaji na sami inuwa na zauna, na ɗaga hannu na karanta Fatiha ga Musulmin cikinsu. Wata tsohuwa da ta zo zuba wa furannin kabarin mijinta ruwa ta dube ni, ta ce, «Mushe, naku ne?» Na ce, «I, Madam, namu ne.» Ta nuna mini pampon da ke bayan bango ko ina son ruwa, sannan ta ce in zan gangara tasha in bi matakalar da ke wucewa ta gaban coci, ta fi kusa.