Ina da shekara 44, zan zauna JAMB tare da ɗan yayana

Tun ranar da wani ya ɗauke ni hoto a layin rajistar JAMB a Kaduna cikin watan Fabrairu, ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, ban huta da zolaya ba. Wannan ya ce yaro na raka, wancan ya ce tsufa ne ya zo da gardama. To jama'a, ba rakiya na je ba. Ni ma zan zauna jarrabawar a ƙarshen watan nan na Afrilu. Karatun lauya nake nema, abokin karatuna kuwa ɗan yayana ne mai shekara 18.

Mu mutanen Gwaska ne, a ƙasar Birnin Gwari. Ranar Asabar 5 ga Mayu 2018 'yan bindiga suka afka wa garinmu. Rahotanni sun ce an kashe aƙalla mutum 45. Yayana yana cikinsu, Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. Babban ɗansa yana da shekara 11 a lokacin, sai na ɗauko shi zuwa cikin garin Birnin Gwari inda nake aiki. Karatunsa ya sha tangal-tangal: yau an rufe makaranta, gobe hanya ba ta biyuwa, a 2021 kuma aka katse layukan waya na tsawon makonni. Duk da haka ya gama sakandare da kiredit ɗinsa cif, ya ce shi lauya zai zama.

Ni kuma abin da ya tunzura ni daban ne. A watan Nuwamba 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Mun gode Allah, mutane sun fara komawa gonakinsu. Amma da komawar sai wata rigima ta taso. Gonar da aka bari shekara shida, wani ya shiga ya nome. Dattijon da ya san iyaka ya rasu. Gado ba a raba ba, takarda babu. Matar yayana tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ta zo ta ce mini, "Kai ne ɗan bokonmu, me doka ta ce?" Wallahi kunya ta kama ni. Ina da digiri a harkar mulki, na shekara 17 ina aikin gwamnati, amma iyakata in rubuta mata takardar koke. A nan na fara jin cewa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka san da haka?

Ga masu tambaya ko akwai jarrabawar shiga makarantar lauyoyi kai tsaye: a Amurka ana buƙatar digiri, kuma galibi sai ka zauna wata jarrabawa ta musamman. A nan ba haka ba ne. Ƙofar ita ce JAMB, sai shekara biyar a jami'a, sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Ba a karɓar digirin lauya na karatun yamma ko na ƙarshen mako, don haka sai na nemi hutun karatu. Akwai hanyar shiga aji biyu ga masu digiri, amma in faɗa muku gaskiya, sakamakon da na fita da shi ba na nunawa ba ne. Kiredit a Adabin Turanci ma ba ni da shi, sai bara na zauna jarrabawar 'yan waje na samo.

Ga yadda muke yi. Bayan sallar Isha'i mu shimfiɗa tabarma a zaure, mu kunna fitilar sola, mu ɗauko tambayoyin shekarun baya. Darussa huɗu ne: Turanci, Adabin Turanci, Gwamnati da Nazarin Addinin Musulunci. Tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran 40-40. Ke nan daƙiƙa 40 kowace tambaya. Ranar farko da ya riƙe mini agogo, lokaci ya ƙare ina tambaya ta 97. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baffa, kai kana karanta tambaya kamar fayil ɗin ofis." Shi ya koya mini amsawa da maɓallan kwamfuta, A, B, C, D, sai N don wucewa gaba. Ni kuma nake koya masa Gwamnati, domin abin da yake haddacewa a littafi, wasu a gaban idona aka yi su. Ya san 1999 a matsayin amsar tambaya, ni kuwa a zaɓen shekarar na fara jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa. Da azumi muka mayar da karatun bayan sahur. In na ji kasala sai in tuna yaro yana jira na, shi ma in ya so zillewa sai ya ji nauyin furfurata. Da ni kaɗai ne, da tuni na ajiye.

Wani dare ne ya sa na yi wannan rubutu. Muna kan tsarin mulkin 1999, ya karanta sashe na 14, inda aka nuna cewa tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ya yi shiru, can ya ɗago ya ce, "Baffa, in haka ne, wa za mu kai ƙara kan Baba?" Na rasa abin cewa. Washegari na bincika, na dawo masa da amsa mai ɗaci: wancan sashe yana cikin Babi na Biyu, sashe na 6 kuma ya hana kotu sauraron ƙara a kan abin da ke cikin wannan babi. Amma haƙƙin rayuwa yana sashe na 33 a Babi na Huɗu, sashe na 46 kuma ya ba wanda aka tauye wa irin wannan haƙƙi damar zuwa babbar kotu. Ya rubuta lambobin a bayan littafinsa, bai ce komai ba.

Ba na adawa da sulhu, ko kaɗan. Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa a bayan motar sojoji, zuciya a wuya, ya san darajar kwanciyar hankalin nan. Abin da nake cewa shi ne, an zauna da waɗanda suka ajiye bindiga, to marayu da zawarawa ma suna da magana, kuma maganarsu tana buƙatar wanda ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. In ba mu haifar da lauyoyinmu ba, rigimar gona ta yau ita ce gabar gobe.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mu biyu jami'a ɗaya muka cike, ABU Zariya, tsangayar shari'a da ke Kongo. Kowace jami'a tana da adadin ɗaliban lauya da aka ƙayyade mata, masu nema kuwa ba iyaka. Ke nan ni abokin takararsa ne. Albashin ma ba lallai ya ɗauki ɗalibai biyu ba, ga iyali. Mun yi maganar da maiɗakina mun gama: in gurbi ɗaya ne, ko kuɗin mutum ɗaya, nasa ne. Ban gaya masa ba, kuma ba ya Facebook, don Allah kada wani ya kai masa.

Roƙona ga 'yan uwana ma'aikata na Birnin Gwari: ba sai ka zauna JAMB kamar ni ba. Nemi yaro ko yarinya guda a unguwarku, ka ba su awa ɗaya bayan Isha'i. Ranar 5 ga Mayu 2025 ce cikar shekara bakwai da abin da ya faru a Gwaska. Ku sa mamatanmu a addu'a, ku sa yaron nan, in da saura ku sa Baffansa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.