Daga Rano zuwa Kibiya: abin da ya kamata ɗan dambe ya koyo a waje

Na bi hanyar Bunkure na shiga Rano da kaka, na zarce gabas zuwa Kibiya, an gama yankan dawa, karare jibge a gonaki. Lokacin dambe ke nan tun kaka da kakanni, lokacin da mahauta ke bin gari gari da kalangu. Da la'asar sai ka ga saurayi zaune, an miƙe masa hannu ana naɗa zare tun daga wuyan hannu har dunƙulen ya yi tauri, kansa kuwa babu abin da ya kare shi. Kan nan shi ne abin da ya tsaya mini a rai duk tsawon hanyar.

Samari da yawa na burin fita waje su koyo faɗa irin na zamani, kuma ban ga laifinsu ba. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar a Jamus ya samu horon taikwando, ya ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Sai dai ni a ganina naushi ba shi ne abin da muka rasa ba. Abin da ya cancanci kuɗin jirgi shi ne tsarin kare ƙwaƙwalwa: likita a bakin fili, auna nauyi kafin a haɗa mutum biyu, da dokar damben 'yan koyo da ke hana wanda aka sumar komawa fage sai bayan kwana 30 aƙalla. A nan kuwa wanda aka yi wa kisa yau, wato aka buge shi ƙasa, gobe kana iya ganinsa ya shiga wani turmin.

Za a ce tsofaffin 'yan dambe irin su Shago sun yi zamaninsu ba likita, kuma ai can waje ma Muhammad Ali ya ƙare da ciwon karkarwa. Gaskiya ne, amma hujjar tawa ce. Tun 1928 likita Harrison Martland na Amurka ya bayyana yadda maimaita duka a kai ke jawo rawar hannu, nauyin baki da jan ƙafa bayan shekaru. Laya ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai, tiramadol kuma ɓoye zafin kawai yake yi.

Ina roƙon masu shirya dambe a Rano da Kibiya su fara da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa: duk wanda ya suma a fage, a hana shi naɗa hannu har wata guda, a kuma kai shi asibiti a ranar.