Wasan kalmomi: daga Amurka zuwa dandalin Guna

A shekara ta 1987 wani kamfanin Amurka mai suna Infocom ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira Nord and Bert, wanda Jeff O'Neill ya tsara. Labari ne a rubuce, kashi takwas, mai wasa yana buga amsa da haruffa. Ƙarfi ko bindiga ba su buɗe masa hanya, sai sanin karin maganar Ingilishi da kalmomin da suka yi kama a kunne. Idan ya kira abu da sunan takwaransa, nan take abin ya rikiɗa.

Wani tsohon mushen lakkol da ke zaune a Guna, cikin gundumar Mirya, ya ji labarin wasan daga bakin ɗansa, ma'aikaci a Damagaram. Abin bai ba shi mamaki ba, domin da irinsa ya girma. Kakarsa takan ce ya kawo gari, ya tsaya yana tunani: na tuwo ne ko na sarki? Kuka itace ne, kuka kuma hawaye. Wuya tana ɗauke da kai, wuya kuma ita ce talaka ke sha. Fari launi ne, fari kuma shi ne tsoron manomi. Hawa da saukar murya da jan wasali su ke raba su, rubutun boko na yau da kullum kuwa bai nuna ko ɗaya.

Abin da ya dame shi daban ne. An rufe Infocom a 1989, amma har yau ana buga wasan, saboda an adana shi. Kacici-kacici da zaurance da karangiyar Guna kuwa, ma'ajinsu bakin tsofaffi ne, tsofaffin kuma suna ta tafiya. Jikokinsa sun fi sanin wayar salula da dandali. Yaron da bai iya juya kalma ba, in ji shi, ba zai gane habaici a kasuwa ba, balle tarkon da ke cikin takardar biro.

Tun 1973 aka buɗe lakkol ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Sai dai doka ba ta yi wa yaro tatsuniya. Don haka bayan isha'i yakan tara jikoki, ya rubuta kalma guda a rairayi. Wanda ya fi kawo ma'anoni shi ke cin dabino.

Jama'a masu karatu, ɗan kasuwa da ma'aikaci, kowa na da tsoho a gida, littafin rubutu kuwa bai kai kuɗin goron mako ba. A zauna da su, a rubuta abin da suka sani tun suna da rai.