Wace Bindiga Ta Cancanci Ado?

Mu da muka tashi a Tudun Wadan Ɗankadai, daf da dajin Falgore, ba mu san bindiga a matsayin abin tsoro ba sai daga baya. A lokacin ƙuruciyarmu bindigar toka kayan sana'a ce kamar fartanya, tana rataye a ɗakin maharbi tare da burgamin albarushi, ba ta sauka sai ranar shiga daji ko ranar biki. Kuma kamar yadda Bahaushe ba ya barin ƙwarya ba zane, ko sirdi ba ado, haka nan ba ya son ganin makaminsa tsirara.

Wannan al'ada tana da tushe. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki. Bayan da Turawa suka fasa ƙofar Bebeji a farkon Fabrairun 1903, suka wuce suka ci Kano, sai bindigar gargajiya ta bar fagen fama, ta koma hannun maharba da masu hawan Sallah. Daga nan ado ya ƙara samun gindin zama a jikinta, domin abin da za a fita da shi gaban jama'a dole a gyara shi.

Ba mu kaɗai ke da wannan sha'awa ba. A Amurka, Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a 1836, wato ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi da ke juyawa. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya nemi gwanayen zane a jikin ƙarfe, irin su Gustave Young, Bajamushe, suka riƙa yi wa libarba zanen ganyayyaki suna cusa zinariya a ciki. A 1854 Colt ya kai wa Sarkin Rasha, Nicholas na Ɗaya, kyautar irin waɗannan. Masu wannan sana'a ba kowace libarba suke karɓa ba. Suna duba taurin ƙarfen, domin zane ya fi kyau kafin a taurara shi a rina shi. Suna duba ko akwai fili sumul wanda rubutun kamfani bai cinye ba. Sa'an nan ba sa zurfafa yanka a gidan harsashi, don nan ne ƙarfin wuta yake taruwa.

To, mu dai a nan zancen libarba sai dai a littafi, domin dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar toka ma sai da lasisi daga 'yan sanda. Amma abin mamaki, sharuɗɗan nan uku mun ji su daga bakin wanda bai taɓa jin sunan Colt ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bindigarsa ta faɗo hannunmu mu 'ya'yansa. Muka yi shawarar a yi mata ado a ajiye don tunawa da shi, muka kai ta wajen wani tsohon maƙerin fari, abokinsa tun na yarinta. Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa bututun da ɗan ƙarfe yana saurare, ya bi shi da yatsa tun daga baki har gindi.

"Malam, a ina kuke son zanen?"

Muka ce, "Baba, a jikin bututun, inda kowa zai gani."

Ya girgiza kai. "Nan ba zan sa kurfi ba, ko nawa za ku biya. Tsatsa ta ci shi ta ciki. In na ƙara rage masa kauri, ranar da wani jikan marigayi ya ɗura albarushi ya ja kunama, hannunsa zai tafi, a ce ni na yi."

Muka ce ai ajiyewa za a yi, ba harbawa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ku ne kuka san haka. Wanda zai gada bayanku bai yi wannan alkawari da ni ba."

A ƙarshe ya bar bututun yadda yake. Ya ƙera zobba na tagulla ya ɗaura, ya lulluɓe gindin icen da fallen tagulla, a kansu ya yi zanensa, har da dagi a tsakiya. Tagulla tana da laushi, tana karɓar kurfi, kuma babu ruwanta da wutar albarushi. Ya ƙi goge wurin da tafin hannun mahaifinmu ya side icen har ya yi sheƙi, ya ce wannan adon shekara talatin aka yi ana yinsa, babu maƙerin da ya isa ya yi irinsa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, dattijon nan ya tafi bai bar magaji a maƙerar ba. A ajin da muke koyarwa akwai 'ya'yan maƙera, amma in aka tambayi sana'ar gida sai su sunkuyar da kai, su ce kasuwanci. Ba mu ga laifinsu ba, tunda kayan kanti sun kashe kasuwar iyayensu. Ga shi kuma tun da ɓarayin shanu da masu fashi suka mai da Falgore maɓoyarsu a wasu shekaru, sunan bindiga ya ɓaci a ƙasar nan, har mai ta gado yana jin nauyin a gan shi da ita. Alhali ƙasar da ta haɗa Riruwai mai kuza da maƙeran da suka iya sauraren muryar ƙarfe ba ta cancanci ta manta da wannan ilmi ba.

Shawararmu ga duk mai irin wannan gado a gida ita ce: ya fara da lasisi, sa'an nan ya nemi maƙerin da zai iya ce masa a'a. Kyan ɗan maciji ne a ƙawata ƙarfen da ya ruɓe ta ciki. In kuma akwai sauran irin waɗannan dattawa a Kiru ko Doguwa ko Bebeji, a je a zauna da su, a tambayi sunan kowane zane da kowane kayan aiki tun suna da ƙarfin magana, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu riƙe abin da suka bari.