Tsatsa Ba Ta Jin Rarrashi

Mu malaman makaranta da Allah ya hore wa tsohuwar mota a nan Ƙaura Namoda, akwai ciwon da kusan duk muka yi tarayya a kansa, wato tsatsar da ke cin ƙarfen da ya lulluɓe saman taya. Wani Fijo 504 gare shi, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Wani kuma 'yar Kwatano ce, wadda ta gama shan gishirin da Turawa ke watsa wa titunansu lokacin ƙanƙara kafin ta iso hannunmu. Ko wace ce dai, albashi ba zai sayi sabuwa ba, balle tun da aka janye tallafin man fetur a 2023.

Mai karatu, yadda ciwon ke kamawa ba wani abin ɓoye ba ne. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska, sai ya yi tsatsa; fenti ne ke raba su. To, duk wanda ya bi hanyar Zurmi ko ya je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya san yadda taya ke harbo tsakuwa tana ɓare fentin nan daga ciki. Da damina kuma laka ta liƙe a lungun, ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Saboda haka tsatsa daga ciki take farawa. Ran da ka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje, to ta daɗe da yin gida.

In ka kai wa mai gyaran jikin mota, hanya biyu zai shimfiɗa maka. Ta farko, ya ɗan goge wurin, ya cika ramin da fila, ya fesa fenti, kafin la'asar mota ta fito kamar amarya. Ta biyu, ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, ya yi masa ƙari da walda. Ta farkon ta fi araha, kuma ita ce ke jan ran mai jiran ƙarshen wata. Amma fa fila ba ƙarfe ba ce. Tsatsar da aka binne tana nan tana ci a ƙarƙashi, damina ɗaya ko biyu sai filar ta tsage ta faɗo, ramin ya fi na da girma. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Abin da muka gano shi ne, mai ƙaramin ƙarfi yana iya bin hanya ta biyu in ya raba aikin gida biyu. Rabin farko namu ne, ranar Asabar. Mu ɗaga mota, mu cire taya, mu wanke lakar tas. Mu ɗauki sukudireba mu riƙa dannawa. Inda ya lotsa ko ya huje, wurin ya mutu, sai mu zagaye shi da alli, abin da ba ya yanke wa malami a aljihu. Sauran kuma mu bi shi da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana. Ƙarfen ƙari kuwa, ƙofar matacciyar mota a wurin 'yan gwangwan ta wadatar. Kwanon rufi bai yi ba, ya cika sirantaka, kuma hayaƙinsa na cutar da mai walda.

Rabi na biyu na gwani ne. Wani dattijon mai walda yakan ce mana, "Malam, ni ba ni ɗinke sabon yadi a jikin tsumma." Gaskiyarsa, sai an yanka har an tarar da lafiyayyen ƙarfe sannan walda ke kamawa. A cire kan batir tukuna, in kuma tayar baya ce, a kula da tankin mai da bututunsa. Bayan walda a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa ciki da waje, a bi cikin da baƙin shafi mai kama da kwalta. Fila sai 'yar kaɗan don daidaita fuska. Fentin ado yana iya jiran wani albashin. Mota mai dabbare-dabbare ba ta hana zuwa aji.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan kwalliya? Ai ba kwalliya ba ce. Tsatsar nan in an ƙyale ta, takan gangara gindin mota, ta kai inda shokazoba ke zaune. Motar malami kuwa ita ce motar asibitin unguwa, ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare zuwa Gusau. Kuma kowa ya san halin tsaro da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan. Ba wanda ke fatan mota ta tsaya masa tsakanin Ƙaura da Shinkafi bayan magariba.

Don haka, 'yan'uwa, bokitin ruwa ɗaya a lungun taya duk ƙarshen mako da damina ya fi duk wata dabara sauƙi. In kuma ta riga ta kama, a yanke ta tun tana faɗin tafin hannu. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da ke hannunmu, amin.