Malejin Babur ɗin Malam

Shekara 11 babur ɗin ya yi jingine a zauren gidansu da ke Wudil, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tun ranar da ciwon ƙafa ya hana mai shi hawa. Honda ne, samfurin CD175. Malam ya saye shi ne a 1975 da kuɗin Udoji, wato ariyas ɗin ƙarin albashin da ma'aikatan gwamnati suka samu a wancan lokaci, wanda ya sa malaman makaranta da yawa suka sauka daga keke. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aikin duba makarantu ya faɗo masa, babur ɗin ya san hanyar Garko da Gaya da Sumaila kamar yadda jaki ya san hanyar gona.

Bayan rasuwarsa, da aka zo rabon gado, babu wanda ya kalli babur ɗin sai ɗansa na uku, shi ma malamin firamare. Ya kai shi wurin wani dattijon makanike kusa da gadar Wudil. Cikin wata 2 inji ya tashi, aka sake taya da sarƙa. Abu ɗaya ya rage: ramin da ke saman kwanon fitilar gaba, inda maleji yake zama. Na asalin ya fashe tun da daɗewa, an cire shi, ba a san inda ya shiga ba.

Mai nazarin harshe zai so ya ɗan tsaya a kan wannan kalma. Maleji aro ce daga Ingilishi, kuma tushenta mil ne, ma'aunin nisan da Turawan mulki suka zo da shi. A bakinsu tana nufin yawan mil ɗin da aka ci. Bahaushe ya ɗauke ta ya laƙaba wa na'urar kanta, har ya samu karin magana, ya ce wane ya ƙure maleji. Nijeriya ta koma ma'aunin kilomita a shekarun 1970, amma kalmar ba ta koma ba.

Ɗan Malam ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano, ya wuni yana tonon tsofaffin kaya, ya dawo da maleji 3 bisa sharaɗin zai mayar da waɗanda ba su yi ba. Makanike ya ɗauki na farko, mai kauri da ƙyalli, ya karanta sunan Smiths a fuskarsa, ya ture shi gefe. "Wannan na baburan Ingila ne, irin su BSA. Ko bakin wayarsa ba zai shiga ba." Sauran 2 duk na kamfanin Nippon Seiki ne, mai yi wa Honda wannan na'ura, kuma duk sun zauna daram a ramin. Ɗaya fes, yana ƙirga kilomita. Ɗayan gilashinsa ya dushe, allurarsa ta koɗe, yana ƙirga mil.

"Baba, ai sai mu gwada su a titi, wanda ya faɗi gaskiya shi ne."

Dattijon ya yi dariya. "Malam ƙarami, duk biyun za su faɗi gaskiya."

Haka ne kuwa. Maleji irin wannan ba ya amfani da lantarki wajen auna gudu. Waya ce ke tasowa daga cibiyar tayar gaba tana juyawa cikin kube, ita kuma ta juya maganaɗisu a cikin na'urar. Maganaɗisun yana jan wani ɗan ƙoƙon alminiyom ba tare da ya taɓa shi ba, siririn sifirin yana riƙe da ƙoƙon, allura na manne a kansa. Iyakar saurin juyawa, iyakar nisan da allura za ta tafi. Baburan Japan sun bi ƙa'ida ɗaya: juyi 1,400 a minti shi ne kilomita 60 a awa, juyi 2,240 kuma mil 60. In aka lissafa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗoriya, sai a ga lissafin biyu kusan abu guda ne. Saboda haka titi zai iya tona asirin malejin da ba na babur ɗin ba, amma ba zai raba gardamar mil da kilomita ba. Lambar da aka buga a jikin firam ta tabbatar da samfurin babur, amma ita ma ba ta isa makanike ya yi rantsuwa ba, domin a shekarun da ake sauya ma'auni aka shigo da shi.

Raba gardamar ya zo ne daga adakar mahaifiyarsa. A ciki akwai wani littafin rubutu mai bangon shuɗi, inda Malam yake rubuta abin da maleji ya nuna kafin ya fita da bayan ya dawo, domin neman kuɗin tafiye-tafiyen aiki. Bai rubuta mil ko kilomita ba. Lambobi ne zalla da sunayen garuruwa. Ɗan ya nemi ranakun da aka rubuta Kano. Tsakanin Wudil da Kano kimanin kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80 ke nan. A littafin kuwa, bambancin lambar fita da ta dawowa bai taɓa yin nisa da 50 ba. Mil Malam yake ƙirgawa.

Aka mayar da mai ƙyallin da mai kilomita. Makanike ya buɗe dusasshen, ya wanke, ya ɗiga masa mai, sannan ya kawo shawara: tun da ƙafafun lambobin suna hannunsa, zai iya juya su su tsaya daidai kan lambar ƙarshe da ke littafin. Ɗan ya daɗe yana kallon shafin. Shawarar ta shiga ransa, don ba sayarwa zai yi ba, balle a ce ya cuci wani. Amma lambar da ke jikin na'urar tafiyar wani bawan Allah ce da ba su sani ba, ta mahaifinsa kuma tana rubuce da hannunsa.

"A bar shi yadda yake, Baba."

Ranar Juma'a, ana cin kasuwar Wudil, ya ratsa ta cikin masu koro shanu ya hau gada, allura na rawa a kan 20. Da ya isa gida ya buɗe littafin, ya tsallake layi ɗaya a ƙarƙashin rubutun Malam, ya sa kwanan wata da sabuwar lamba.